Shekarar da Hajja Ta Ciyar da Jatan Lande Kabsa

Kafin in sha shayi, kafin ma in gaisa da kowa, hannuna nake fara sakawa a ruwa. In naɗe hannun riga har kafaɗa, in durƙusa a bakin rami, in nutsa hannu a hankali ina kallon tafina. Idan tafin ya ɓace mini daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, to lafiya lau, sai in tashi in ɗora buta. Idan har kafaɗa ina ganin yatsuna tar, ruwan ya yi fari ke nan, babu abinci a cikinsa. Idan kuwa tun daga wuyan hannu tafin ya ɓace, to ranar ba zancen shayi. Bayan haka in ɗebo in sansana, in taɓa da bakin harshe in tofar. Shekara da shekaru ina wannan, ku kuma kuna zaune a nan unguwar Tandabawi kuna danna waya kuna cewa wai Baba Inuwa ya huta, aikinsa watsa wa ƙwari tsaba. To ku gyara zama.

Gonar tana bayan gari, idan ka bar Makka ka kama hanyar Ɗa'if, a wani kwari da ke gindin duwatsu. Ta Hajja Safiya ce, wata tsohuwa 'yar Jarwal. A wannan unguwa ta Makka aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta, kakanta ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa. Hausarta irin ta mutanen da ce, rabinta Larabci. Ɗanta Abdurrahman shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, sunansa ke kan iƙamata, takardar izinin zamana, amma duk wanda ya san gidan ya san wa ke da magana. Mijinta ya rasu ya bar mata rijiya da dabino da lemun tsami da wani fili da ba a komai da shi. Sai ta tashi ta ce ita sai ta ci shinkafar da aka noma a ƙasarta kafin ta koma ga Allah. Shinkafa a Makka! 'Ya'yanta suka yi ta dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Ni a lokacin leburan gini nake yi a unguwar Aziziyya. Abdurrahman ya ji labarin wai akwai wani ɗan fadamar Haɗeja da ya tashi cikin shinkafa, ya zo ya ɗauke ni da sumintina a gashi. Na isa gonar ina hura hanci, a raina ni ne malami. Sai na tarar da wani ɗan tsamurmurin tsoho ɗan Jawa, can ƙasashen gabas mai nisa, ana ce masa Ammu Harun, tsaye cikin taɓo har gwiwa. Shi ne ya ba Hajja shawarar cewa asarar ruwa ce a noma shinkafa ita kaɗai, a zuba jatan lande a ƙarƙashinta su ci moriyar ruwa ɗaya. Larabawa jambari suke kiransu duka, amma namu na ruwan daɗi ne, masu hannuwa biyu kamar kunama. Da na fara ganinsu sai da na ja da baya na yi a'uziyya.

Aikin farko da ya ba ni shi ne rami. Ana kewaye filin shinkafa da rami mai zurfin ƙugu, a rufe samansa da ragar inuwa, don idan rana ta buɗe, ruwan da ke gindin shinkafa tafasa yake kusan yi, sai jatan lande su gangara ramin su fake. Na haƙa na kwana huɗu, na kira shi ya gani ina jiran yabo. Ya shiga, ruwan bai kai masa cinya ba, ya fito ya miƙa mini shebur. Na ce masa a garinmu ba a koya mini haƙa. Ya ce da ɗan guntun Larabcinsa, a garinku wa ke kwana a cikin ramin? Na sake haƙawa, ina ƙunƙuni ina zaginsa da Hausa, yana murmushi. Daga baya na gano ya zauna da Hausawa a Jarwal shekara ashirin, duk abin da nake faɗa yana ji.

Ciyarwa kuwa da kuke rainawa, da rariya ake yinta. Rariyar tankaɗen gari, irin ta mata, a ɗaura mata igiya, a zuba tsabar abinci ɗan cikin hannu, a nutsa ta a kusurwar rami bayan la'asar sakaliya, don su sai rana ta yi sanyi suke fitowa kiwo. Kafin magariba ka jawo igiya ka duba. Idan sun cinye tas, gobe ka ɗan ƙara. Idan da saura, ka rage, ko ka hana su gaba ɗaya. Abin da ba su ci ba ba ɓacewa yake yi ba, kwanciya yake a ƙasa ya ruɓe, ya shanye iskar da ke cikin ruwa, da iskar nan kuwa suke numfashi. Ammu Harun ya ce bai taɓa ganin jatan landen da yunwa ta kashe ba, amma ya kwashe buhu-buhu na waɗanda aka kashe da kyauta. Na ji wannan magana da kunnena, ku riƙe wannan, ba wanda zai ce ba a gaya mini ba.

Sai kuma saɓa. Suna tuɓe ɓawonsu idan sun girma, su kwana biyu jikinsu laushi kamar dafaffen wake. A kwanakin nan 'yan'uwansu ne ke cinye su, ba tausayi. Shi ya sa muke jefa guntayen bututu da fasassun tukwane a rami, kowa ya samu ɗakin ɓuya, mu kuma yayyafa farar ƙasa kaɗan don sabon ɓawo ya yi ƙwari. Maganin ƙwari kuwa ko kwalbarsa ba ta shiga gonar. Idan tsutsa ta kama shinkafa, ɗaga ruwa muke yi ya nutsar da ita ta faɗo, jatan lande su yi walima. Su ci ciyawa da tsutsa, kashinsu ya zama taki, shinkafa ta yi musu inuwa. Ranar da na fahimci yadda abin ke zagayawa, wallahi daɗi ya kama ni har na yi ta dariya ni kaɗai a cikin taɓo.

Masu saye ba su taɓa yi mana wuya ba. 'Yan Jawa masu dafa wa alhazai abinci a Aziziyya, da rai suke son su, suna motsi a bokiti. Akwai wata Bayarbiya da ke zuwa ta kwashi ƙanana ta busar ta daka a miya, kullum sai mun yi faɗa, ta ce na cika tsada, in ce ta cika baki, mu rabu muna dariya. Hausawanmu kuwa sai su leƙa bokiti su toshe hanci su ce Allah ya sawwaƙe. Wani abokina da ya fi kowa tofar da yawu, ranar da aka soya masa da yaji bai san ko mene ne ba, sai da ya suɗe kwano. Har yau idan na tuna masa sai ya ce sharri nake yi masa.

Shekara uku muna tare, sai Ammu Harun ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai koma gida. Ya bar mini rariyarsa da iyaye, wato manyan mata da ake ajiyewa don iri, waɗanda ke ɗaukar ƙwai a ƙarƙashin wutsiya. Noman farko da na yi ni kaɗai, rijiya ta ja baya, ruwanta ya yi gishiri, bakin ganyen shinkafa ya ƙone, ba mu samu abin kirki ba. Abdurrahman dama ya gaji da gonar. Ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce saura noma ɗaya. Idan wannan ma bai yi ba, halas, shi ke nan, zai cike ramin ya zuba siminti ya gina istiraha, irin gidan hutun nan da ake ba da haya ana biki a ciki, ni kuma in koma ɗaukar bulo. Hajja ta ce ta yarda. Ni kuwa ba na son komawa gini, kuma na riga na ƙwallafa raina a kan halittun nan.

Noman ya zo da kyau kamar an roƙa. Shinkafa ta yi kore shar, ta fara ɗaukar ciki, iyaye kusan talatin wutsiyarsu ta cika da ƙwai. Sai watan aikin Hajji ya kama.

Kun san halin mutanen Makka da abinci. Ba a jefa burodi a shara, ko a titi ka gan shi sai ka ɗauka ka ɗora a kan katanga. Hajja ta fi kowa tsanani a nan. Gidansu na Aziziyya cike yake da alhazai a lokacin, ana dafa musu kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa mai nama da mai, a manyan tukwane, kullum sai an yi ragowa, ita kuwa ganin ragowar nan hana ta sukuni yake yi. Da kwanakin Hajji suka matso, ta gudo wa cunkoso ta taho gona ita da mai aikinta Talatu, wata dattijuwa 'yar Damagaram, da nufin su zauna har a sauko daga Mina. Suka zo da tukwane uku na ragowar kabsa, mai na kwance a kai, da kitsen rago. Ta sa aka kai bakin rami, ta yi bisimilla, ta fara zubawa da ludayi tana cewa su ma bayin Allah ne, su ci albarkar alhazai.

Ina tsaye ina kallo. Na san abin da zai faru sarai, kamar yadda na san sunana. Amma tsohuwa ce, sa'ar mahaifiyata, gonarta ce, fuskarta cike da murna tana ganin lada take kwasa. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata sadakarki guba ce? Sai na ce a raina bari ta shiga ɗaki in kwashe. Na kwashe abin da rariya ta iya kamawa, amma mai ya riga ya bazu, shinkafa ta nutse cikin laka. Washegari direba ya ƙaro tukwane biyu kafin a rufe hanya. Ta sake zubawa, na sake yin shiru, har da cewa Allah ya ba da lada.

Ranar Arfa da safe, tun kafin in kai bakin rami wari ya tare ni, tsami-tsami kamar tukunyar da aka manta ba a wanke ba. Mai ya rufe fuskar ruwa yana ƙyalli. Jatan lande kuwa sun fito, wasu sun hau karan shinkafa sun maƙale, wasu suna rarrafe a kan gaɓa cikin rana, abin da ba sa yi sai ruwa ya ƙi su. Waɗanda suka kasa fitowa suna kwance a gefe, ciki sama. Ko hannu ban saka ba. Na kira masu wayit, motar ruwa, duk suna Mina da Arfa, wanda ya ɗauka ma dariya ya yi mini. Abdurrahman yana can cikin alhazansa, waya ba ta shiga. Rijiya kuwa awa ɗaya take ba da ruwa sai ta huta awa uku.

Hajja ta fito da carbi a hannu, tana azumi, ta ga abin da ke faruwa ta tsaya cak. Ta tambaye ni ciwo ne ya shigo musu? A nan haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Hajja, ba ciwo ba ne. Kabsarki ce."

Ta dube ni ta ce, "Ka sani, ya Inuwa?"

"Na sani tun ludayin farko."

"Ka sani ka yi shiru? Har kana ce mini Allah ya ba da lada?"

Na sunkuyar da kai na ce kunyarta na ji. Ta ce, "Kunyar da za ta kashe bayin Allah ba na sonta, ka riƙe abarka. Yalla, maza gaya mini abin da zan yi."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na ce mata na kasuwa sun riga sun tafi, iyaye za mu ceta, kuma ba inda za a sa su sai birka, tankin simintin da suke ɗiban ruwan wanka da alwala. Ta ce a sa, su sa yi taimama in ta kama. Na buɗe magudana na saki ruɓaɓɓen ruwan ya tafi gindin dabino, na shiga ramin ina lalube cikin laka. Uwa mai ƙwai ba a damƙarta, idan ta firgita sai ta watsar da ƙwan. Ta baya ake kama ta da yatsa biyu, a tallafe wutsiyar a naɗe yadda take, a sa ta a kwano da ɗan ruwa. Suka yi ta datse mini yatsu, ina cewa na gode, tunda mai cizo da sauran ƙarfinta. Talatu na karɓa tana kaiwa birka da gudu, tana salati duk lokacin da wata ta motsa.

Matsalar birka ita ce ruwanta a kwance yake, ba iska, ga zafi. Na nuna wa Hajja yadda za a yi: a ɗebo da kwano, a ɗaga sama, a zubo shi ya faɗo da ƙarfi yana kumfa, a sake, ba tsayawa. Na ce ita ta zauna a inuwa, Talatu ta yi. Ta ce wa ya zuba kabsar, Talatu? Aka kawo mata kujera bakin birka, muka kafa mata ragar inuwa. Tsohuwar nan da bakin azumi ta wuni tana ɗaga kwano tana zubowa, kowane zubi da kabbara ɗaya. Idan hannunta ya sage Talatu ta karɓa, kafin ma ta gama hutawa sai Hajja ta ce a ba ta abinta. Har tana yi wa jatan landen magana, wai ku yi haƙuri 'yan'uwa, jahilci ne ba mugunta ba.

Ni kuma ina can ina fama da rami. Na shimfiɗa buhunan algarara a kan ruwa suna shan mai ina matsewa, na kwashe laka mai wari da shebur. Duk lokacin da rijiya ta farfaɗo, sai in tara ganyen dabino a bakin bututu don ruwan ya fasu ya sha iska kafin ya shiga, tunda ruwan rijiya shi ma a mace yake fitowa. Kwana uku muna haka. Sallar layya ta same mu da laka har gira, ba mu ga nama ba sai ƙwai da burodi. Wasu iyayen sun watsar da ƙwansu, wasu sun mutu a birka. Na hana su abinci gaba ɗaya, Hajja ta zo za ta yi magana, na ce a'a. Ta yi dariya ta ce to ga shi bakinka ya buɗe, daga yau idan ka ce a'a a bakin ruwan nan a'a ce, ko ni ce.

Bayan an sauko daga Mina da kamar mako guda sai ga Abdurrahman, jallabiya fara sol, tare da wani mutum mai tef ɗin awo. Labari ya riga ya kai masa. Ya leƙa rami, babu ko ɗaya na sayarwa. Shinkafa dai ta yi kyau, ita kabsar ma taki ta zame mata, amma shinkafar fili ɗaya ba ta riƙe gona. Hajja ta ce masa laifinta ne, na ce a'a nawa ne, muka tsaya muna jayayya a kan laifi kamar wani abin gado. Ya ce shi bai zo shari'a ba, magana an riga an yi ta, ya ce wa mai awo ya fara daga bakin rami.

Na ce, "Ya Abdurrahman, kafin a ja tef, zo ka riƙe mini kwanon nan."

Ya riƙe yana yamutsa fuska. Na sa hannu a birka na laluba cikin wani guntun bututu, na fito da uwa ɗaya, na sa ta a kwanon, na ɗan buɗe wutsiyarta da yatsa. Ƙwai sun ƙyanƙyashe. 'Ya'ya ne maƙale a jikinta cunkus, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma da hannuwansa biyu da gashin bakinsa, komai irin na uwar. Suka fara sakinta suna bazuwa a kwano, suna iyo da baya. Ya kai fuskarsa kusa har gemunsa na taɓa ruwa. Ya yi ƙoƙarin ƙirgawa ya rikice, ya sake, ya bari.

Ya ce, "Ita kaɗai ta haifi duk waɗannan?"

Na ce ita kaɗai, kuma akwai goma sha ɗaya irinta a ciki.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Uwar ta miƙo hannu ta kama masa bakin hannun riga, bai ko janye ba. Can ya ɗago ya dubi mahaifiyarsa, ya ga hannunta na dama da aka ɗaure da tsumma saboda kumburin ɗaga kwano, ya tambayi Talatu kwana nawa ta yi tana wannan. Talatu ta ce uku, ranar farko ma da azumi. 

Mai awo ya gaji da tsayuwa, ya ce to daga ina za a fara? Hajja ta nuna masa can bayan lemun tsami, nesa da ruwa, ta ce ya auna mata garken awaki, ɗan madaidaici, don ragowar alhazai dole ta samu mai ci. Mutumin ya dubi Abdurrahman. Abdurrahman yana tsugune a bakin birka, jallabiyarsa cikin laka, yana karkata kwano a hankali don 'ya'yan su koma ruwa. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ka ji abin da ta ce."

Ni na riƙe wa mutumin ɗaya bakin tef ɗin, ina ta dariya don murna har sai da ya ce in tsaya da kyau.